Layar da Na Ɗinke a Cikin Ƙwallon Guguwa

Na haura shekara hamsin ina dukanci, kuma a duk abin da hannuna ya ɗinka, guda ɗaya ne da za a ba ni iko da na koma na warware shi: wata laya da na cusa a cikin ƙwallon kulob ɗinmu na Yankara, da ƙaryar da na yi a kanta a gaban jama'a. Ƙaryar ta fi layar muni. Na sa alƙalami ne saboda samarin da suka farfaɗo da wasan ƙwallo a garin nan, waɗanda na ji kulob ɗinsu na tangal-tangal, suna ta neman wani mai babbar riga ya ɗauke su. Su ne kuma masu kawo mini ƙwallo su ce, "Baba, ɗan liƙe mana, ai minti biyu ne." To ku zauna ku ji abin da ke cikin minti biyun nan.

Ƙwallon farko da na taɓa buɗewa a Ƙanƙara ne, a rumfar kawuna Malam Sanda. Ina aji huɗu aka cire ni daga firamare aka kai ni wurinsa. Shekara uku ban taɓa aikin kirki ba, sai wasa wuƙa a dutse, murza zare a cinya ina goga masa kakin zuma, da zuwa majema karɓo fata. Har yau in na ji warin majema yunwa ke kama ni, don da shi na ci tuwon shekara ukun nan. Daga nan aka sake mini layu, sai kube, sai zabira, sai takalmi. Wata rana hedimasta ya aiko da ƙwallon makaranta ta yage. Kawu ya juya ta, ya shinshina, ya wurgo mini.

"Audu, karɓi wagga kabewar Nasara. Ni ban ɗinka abin da ake shuri."

Ƙwallon wancan zamani ba irin taku ba ce da ake liƙewa da gam. Fata ce yanka-yanka, da baki wanda ake ɗaurewa da igiya kamar takalmi, da roba a ciki wadda ake hurawa da famfon keke. Kafin ka ɗinka sai ka zare robar, ka jiƙa fatar, ka juyo cikinta waje ta bakin nan da bai wuce yatsa huɗu ba. Wanda bai taɓa yi ba, ya gwada fito da akuya ta bakin tulu. Sannan ka kama allura biyu, kowace ta ratsa ramin 'yar'uwarta, kuma a tsohon rami za ka bi, ba ka huda sabo da basilla sai dole. Ka ja zare ɗaya fiye da saura, ƙwallo ta fito kamar gwanda. In ka gama ka juyo ta, ka hura, ka gara ta a kan siminti sau uku. Idan kullum a gefe ɗaya take tsayawa, aikinka ya ɓaci, sai ka sake. Kwana biyu na yi a kan waccan. Kawu bai yaba ba, amma ya ba ni doka ɗaya, yana ƙwanƙwasa mini ƙotar basilla a ka: tsakanin fata da roba ba a barin komai, ko ƙwayar yashi, don ita za ta cinye robar.

Da wannan ilimi na dawo Yankara na kafa rumfa a bakin kasuwa, na zama likitan kulob ɗin garin, wanda ake kira Guguwa. Kada sunan ya ruɗe ku. Takalmin ƙwallo ƙafa uku gare mu, ga 'yan wasa goma sha ɗaya. Ƙafa ɗaya ma raba ta aka yi: Ɗanliti mai cin gaba ya ɗauki na dama, wani bahago ya ɗauki na hagu, kowa yana gudu yana ɗingishi kamar an taka masa ƙaya. Ni ke buga musu haƙoran fata a ƙasan takalmin da ƙananan ƙusoshi, kuma in ƙusa ta leƙo ciki, ni ake zagi har uwata. Sauran ƙafa tsirara suke yi, kuma su aka fi tsoro.

Abin da ke riƙe da Guguwa gona ce. Dagaci ya ba kulob wani fili a bayan gari, ana shuka auduga, 'yan wasa da magoya baya su yi gayya. In an kai fuloti, wato kasuwar auduga, an sayar, a sayi sabuwar ƙwallo ɗaya ta shekara, ragowar a biya motar zuwa Daudawa, Faskari, Damari da Sabuwa. Wanda ke huɗe gonar kuwa golanmu ne, Nomau, Bamaguje daga wata unguwa a hanyar Damari. Shi kaɗai ke da shanun huɗa a cikinmu, kuma bai taɓa karɓar ko kwabo ba. Dogo ne, tafin hannunsa kamar faifai, magana ba ta dame shi ba. Al'adar kulob ce ƙwallo a gidan gola take kwana, shi ke shafe ta da kitse don kada fatar ta bushe. Kambunsa da layunsa na damtse ni na ɗinka masa, da jar fata da koren zare a gefe, wanda shi ne alamar aikina. Limamai ma irinsa nake musu, sai dai su a ƙarƙashin riga suke sawa.

Sai kuɗin fetur suka shigo ƙasa. An canza fam zuwa naira, an ce a koma tuƙi a dama, kowa ya haukace. Samari suka watse, wasu masaƙa a Kaduna, wasu aikin hanya, wasu Ikko. Wanda ya tafi da ɗan tofi sai ya dawo da wando mai faɗin ƙafa da rediyo a kafaɗa, ka ce masa gayya ya dube ka kamar ka zage shi. Ni ma ban tsira ba, don takalmin roba ya cika kasuwa, wanda in ya tsinke da wuƙa mai zafi ake liƙe shi, ba a neman baduku. A shekarar da nake ba ku labari, mutum bakwai suka fito noman gonar kulob. Ciyawa ta ci rabi. Abin da aka samu a fuloti bai isa sabuwar ƙwallo ba, sai aka ci gaba da tsohuwa. Na yi mata faci har fatata ta fi ta kamfani yawa. Akwai yanki biyu da na yanko daga tsohon taiki, shi ya sa in ruwa ya taɓa ta take warin jaki.

Ana cikin haka Alhaji Garba Mai Tifa ya waiwaye mu. Ɗan garin ne, da can jakai yake kora, amma ya samu kwangilar kai yashi, ya sayi tifa uku da Marsandi, ya je Makka ya dawo da haƙori mai walƙiya wanda saboda shi ya koyi dariya. Ya ce zai shirya wasa da 'yan Ƙanƙara, zai kuma zo da wani babban ma'aikaci daga Kaduna, mai sa hannu a kwangila. In Guguwa ta fitar da shi kunya, ya ɗauke ta: jesi, takalma, ƙwallaye, har mota. In ba haka ba, kowa ya san kulob ba zai ga wata damina ba.

Saura kwana uku wasa, bayan la'asar, shugaban kulob Malam Isiya tela ya shigo rumfata da ƙwallon a hammata. Ya karɓo ta daga wurin Nomau da sunan za a duba ɗinki. Ya waiga hagu da dama, ya ciro wata takarda da aka naɗe da zare, mai tauri a tsakiya.

"Daga Sabuwa na karɓo, wurin wani malami. Ya ce a cikin ƙwallo za a sa. In tana ciki, ba ta shiga gidanmu."

Na ce, "Malam Isiya, a binne ta a gindin sandar gola mana, kamar yadda kowa ka yi."

"Ya ce ciki."

"To in an tahi hutun rabin lokaci an canza gida, wa zai gaya ma layar?"

"Kai baduku ne ko malami? An tambaye ka hwatawa?"

Na gaya masa dokar kawuna, cewa ko yashi ba a bari tsakanin fata da roba. Sai ya miƙe, ya kakkaɓe rigarsa, ya ce cikin sanyin murya, "Ba komi, Audu. Ashe akwai ɗinkin da ya hi ƙarhinka. Bari in kai ma badukun Faskari, an ce shi hannunshi shina da laushi."

Da ya zage ni da na tsira. Amma na Faskarin nan ɗinkinsa kamar na buhun gyaɗa yake, kuma duk duniya ba wanda na tsana a haɗa ni da shi kamarsa. Na ce ya ajiye.

Ga inda dukanci ya kashe ni. Da wani ne, da sai ya lallaɓa takardar a siririn ƙyalle ya manna. Ni kuwa hannuna bai san yadda ake barin laya tsirara ba. Kafin in yi tunani na yanko jar fata, na rufe ta, na bi gefenta da koren zare, na fitar mata da kusurwa huɗu tsaf, har ina ɗaga ta ina yaba kaina. Na juya ƙwallon, na kafe layar a jikin facin taiki ta ciki, na mayar da roba, na hura. Na kai ta barandar makaranta na gara sau uku. Sau ukun a gefe ɗaya ta tsaya. Na gara na huɗu ko za ta ji kunyata, ba ta ji ba. Na ɗauka na kai wa Malam Isiya na ce ta yi.

Ranar wasa garin ya cika. An jera kujerun makaranta a inuwar ɗorawa, Alhaji da baƙonsa a tsakiya, ana ta buɗe musu lemon kwalba. Ni ina tsugune a bakin layi da jakar kayan aikina, kuma wallahi ban kalli wasan nan ba, ƙwallon nake kallo. Tafiya take kamar ta sha burkutu. A buga ta gabas ta lanƙwasa kudu. Rafali ya tsayar da wasa sau biyu ya matsa ta, ya girgiza kai, ya ce a ci gaba tunda babu wata. Ɗanliti ya auna kwana da takalminsa ɗaya, ƙwallon ta yi ra'ayin kanta ta faɗa ragar Ƙanƙara. Malam Isiya ya waigo ya kashe mini ido. A lokacin har na fara tunanin ko kawuna ne bai san aiki ba.

An dawo hutu ba da jimawa ba aka yi wata hayaniya a gidanmu, ban ma san ta mece ce ba, don lissafin kusurwoyin nan huɗu nake yi da yadda suke goga roba. Abin da na gani shi ne ƙwallo a hannun Nomau, ya ɗaga ta ya sa mata ƙafa da dukan ƙarfinsa. Sai ji muka yi fam! Facin taiki ya ɓalle, ƙwallon ta faɗi a laɓe kamar tsohuwar hula, layar kuwa ta yi sama ita kaɗai, tana juyi, ja da kore, ta sauka taku kaɗan daga takalmin baƙon Kaduna.

Nan take 'yan Ƙanƙara suka ɗauki ihu. Kyaftin ɗinsu ya ce dama tun ɗazu ƙafarsa ke nauyi. Baƙon ya sa bakin alƙalaminsa ya juya layar, ya ce, "Alhaji, wannan ne kulob ɗin da kake son sa sunanka a kai?"

Ku sani Alhaji Garba ba ƙin laya yake ba. Guda biyar na ɗinka masa da hannuna, suna ƙarƙashin kujerar Marsandin da ya zo da ita. Kunya ce ta kama shi a gaban mai sa hannu. Ya miƙe yana salati da ƙarfi yadda kowa zai ji, ya ce shi da ya taɓa ɗakin Allah ba za a haɗa shi da tsafi ba. A fito da wanda ya yi, a kore shi yanzu, shi kuma yana kan alkawarinsa. In an ɓoye, ya wanke hannunsa.

Na dubi Malam Isiya. Ya duƙufa yana gyaran igiyar wandonsa kamar ranar ya fara ganinta. Sai wani daga cikin taro ya ce, "Ai irin ta hannun Nomau ce!" Aka kamo damtsen Nomau aka gwada: jar fata, koren zare. Wani ya ce a gidansa ƙwallon take kwana. Wani ya ce a ƙafarsa ta fashe. Wani ya ce dama Bamaguje ai sai a hankali. Alhaji ya ɗaga hannu, ya ce a kira mai sana'a.

"Malam Audu, kai ne masani. Wanda ba baduku ba, shina iya buɗe ƙwallo ya sa abu ya maida?"

Amsar gaskiya kowane ɗan koyo ya san ta. Nomau da yatsunsa kamar rogo ko zare ba zai iya zurawa a allura ba. Na karɓi fatar na juya ta, ina kallon ɗinkina, allura biyu, rami bayan rami, ba inda ya kauce. Na tuna jesi da mota, na tuna rumfata da yadda za a riƙa nuna ta.

Na ce, "Ranka ya daɗe, kowa na iyawa, in ya samu lokaci."

Nomau bai yi musu ba. Ya ce, "Baduku, duba da kyau dai."

Na ce na duba.

Ya cire tsohuwar rigar sanyin da yake tsaron gida da ita, ya ninke, ya ɗora a kan ƙwallon da ta mutu, ya ratsa taro ya kama hanyar Damari da ƙafa.

Alhaji ya cika rabin alkawari. Bayan sati biyu jesi suka iso, rawaya, da hoton tifa a ƙirji, da ƙwallo biyu sababbi fil. Muka yi hoto. Takalma da mota aka ce suna hanya. Kafin kaka aka ba shi wani babban aiki can kudu da Kaduna, ya kwashe iyalinsa, in an je gaishe shi sai maigadi ya ce yana wanka. Wani ɗan kwamitinmu ya ce bai taɓa ganin mai tsabta irin Alhaji ba.

Da ruwa ya sauka aka tuna da gona. Babu shanu, babu marar kunyar da zai iya zuwa roƙon Nomau. Muka fita mu biyar da fartanya, muka yi kwana biyu, muka bar wa ciyawa. Golan da aka sa a madadinsa kuwa, in an bugo ƙwallo rufe ido yake yana kiran sunan Allah, 'yan Daudawa suka zuba mana bakwai a cikin jesinmu masu kyau. Kuɗin mota ya gagara, aka daina fita, aka daina gayyatarmu. Ƙwallayen Alhaji na zamani ne marasa baki, da suka fashe ban san ta inda zan shiga ba. Damina ta biyu dagaci ya karɓe gonarsa, filin wasan ma wani ya shuka masara har cikin raga. Jesin Guguwa na ƙarshe da na gani a jikin wani mutum-mutumi ne a gonar gero, yana korar tsuntsaye, kuma ya fi golanmu na biyu aiki.

Sai da furfura ta cika mini kai, bayan Malam Isiya ya rasu, na hau mota na je unguwar su Nomau. Na same shi a gindin rumbu yana gyaran igiyar shanu. Ya sa aka kawo mini ruwa da tabarma. Na yi ta kewaye-kewaye, daga ƙarshe na ce masa ni na sa layar.

Ya ce, "To wa bai sani ba?"

Na ce, "Kamar yaya?"

"Audu, duk wanda ke hilin nan ranar yana da irinta a jikinshi, kuma ya san rumhwar da ya saya. Isiya ma da bakinshi ya gaya mani, shekarar da ya zo aron shanu don gonarshi. Riguna kuke so, ni kuma ba ni da kowa a kwamiti. Kai kaɗai ka ɗauka asiri kake riƙo."

Sai na ce ya yafe mini. Ya ce wannan ya daɗe da wucewa, amma akwai abin da bai yafe ba.

"Kahin ta hwashe, mi ya hwaru?"

Na ce ban sani ba.

"Ka gani! Fenariti aka ba su. Kyaftin ɗinsu ya buga, ƙwallon ta nuhi dama ta sake shawara ta yi hagu, ni kuma na bi ta na kama da hannu ɗaya. Da wannan mahaukaciyar ƙwallon taka! Ba golan da ya taɓa yin haka a ƙasar Katsina. Shekara nawa yau, ba wanda ya taɓa ce mani sannu. Kowa laya, laya."

Na ce masa sannu. Ya ce ta yi latti, amma ya karɓa.

Don haka na rubuta a nan, kowa ya karanta: Nomau ya kama fenariti da hannu ɗaya, ta hagu, muna gaba da ci ɗaya, kuma bai taɓa sa komai a cikin ƙwallo ba sai kitse a bayanta.

Ku kuma samarin yanzu, ban hana ku karɓar jesin mai babbar riga ba, ku karɓa, kyauta ce. Amma kafin ku je gidansa ku zauna ku duba wane ne a cikinku yake share fili, wa ke ɗebo ruwa, wa ke ba da babur ɗinsa ba a biya, ku riƙe shi ko daga wace unguwa ya fito. In kuma aka tara jama'a aka miƙo muku aikin hannunku aka ce na wane ne, ina roƙonku don Allah kada ku yi irin tawa. Ku ce naku ne, a yi muku dariyar wata guda a gama.